Zuciyar da ta cire wa Goggo Saveria haƙori

Duk wanda ya san Goggo Saveria a ƙarshen rayuwarta ya san giɓin nan na gefen hagu, wanda iska ke bi idan ta ja tsaki. Yaran yanzu suna cewa tsufa ne ya cire haƙorin. Ba tsufa ba ne. Matar da ta haura sittin tana fasa ƙwallon zaitun da haƙori, ina tsufa zai ga wurin shiga? Ni ina tsaye ranar da ya fita, kuma har yau gwiwata ba ta yafe mini satin da ya gabaci ranar ba.

Sunana Fiorina. Ƙofata tana kallon ƙofarta, layin namu kuma matsattse ne, igiyar shanya ɗaya muka ɗaura daga barandata zuwa tata, muka yi ta ja tsakaninmu har muka tsufa. Saboda haka idan na ce na san ta, to na san ta har yawan facin da ke jikin zanen gadonta.

Sana'arta alkakin zuma, wanda muke kira mustazzolu. Fulawa ce da zuma da dafaffen ruwan inabi, ba ƙwai ba mai, shi ya sa ba ya lalacewa, sai dai ya yi ta ƙara tauri. Tana yin na kifi da na doki da na kwando don ranakun bukin waliyyai, ta manna musu takardar ƙyalli ja da kore. Amma abin da ya sa kowace uwa a garinmu ke shakkarta shi ne zuciya, babban alkakin nan da ake kai wa gidan yarinya idan ana neman aurenta. Daga nan har bakin teku babu mai hannunta a wannan.

Ita ma an taɓa kai mata. Tana da shekara goma sha tara uwar wani Cosimo ta hawo layinmu ranar Lahadi bayan an taso daga coci, da faranti lulluɓe da farin ƙyalle, kowa na leƙe ta baranda. Mahaifin Saveria ya yi satin nan na tunani da ake bai wa gidan yarinya, bai ga dalilin mayar da farantin ba. Lahadi ta zagayo, ya fasa zuciyar a ƙofar gida, aka raba wa layi. Ni ma na ci, ina 'yar ƙarama, har ina lasar yatsa. Wata biyu bayan nan Cosimo ya hau jirgin ruwa zuwa Ajantina, wai shekara ɗaya zai yi ya samo abin gina ɗaki. Daga baya muka ji ya yi 'ya'ya biyar a can. Ita kuwa layi ya riga ya ci, kuma babu uwar da za ta ɗauki faranti ta kai gidan da layi ya taɓa ci. Haka ta zauna. Mahaifinta ya rasu ya bar mata tanderu, ta shiga gasa wa 'ya'yan wasu abin da ya ƙona ta.

Tun daga nan ba ta sake yarda da kowa ba. Mai zuma ya kawo mata kaya, sai ta sa ya tsaya ta ɗanɗana kowace gora, ta ce ta ji sukari. Ka gaishe ta sau biyu a rana ɗaya, ta tambaye ka me kake nema. Fada, limamin cocinmu, ya yi mata murmushi a ƙofar coci, ta dawo gida tana lissafin wanda ya kai masa gulmarta. Marigayi mijina ya taɓa sayen sabuwar hula, ta bi ni da ido har kwana uku kafin ta ce, "Fiorina, namiji ba ya sauya hula don matarsa." Na yi fushi da ita har aka gama tsintar zaitun, amma fa sai da na bincika.

Duk uwar da ta zo sayen zuciya sai ta zauna a kan benci ta amsa tambayoyi kamar a gaban alƙali. Wa za a kai wa? 'Yar gidan wa? Yaron yana da niyyar tafiya wata ƙasa? In akwai tafiya, ba ta gasawa ko za a cika mata ɗaki da lira. Ba ta kuma gasa wa namiji ɗaya sau biyu. Kowace zuciya kafin ta shiga wuta sai ta juya bayanta ta danna babban yatsanta, ta ja alamar gicciye da wuƙa a ciki, yadda ko a ina ta gan ta za ta gane abinta.

Mutum ɗaya take da shi a duniya, Palma, 'yar ƙanenta, wadda iyayenta suka rasu tana rarrafe. Saveria ta raine ta a gefen tanderu, ta sa aka koya mata ɗinki, ta saya mata keken ɗinki. Yarinya mai shiru, doguwa, mai dariya a ciki. Ta kai ashirin da biyar ba a fasa komai a ƙofarsu ba, don duk uwar da ta fara kewaye-kewaye Saveria ta gano wa ɗanta aibi kafin ta gama gaisuwa. Abin da ya fi damun Saveria shi ne Palma ko a jikinta. "Yarinyar da ba ta kuka don an kori saurayi," in ji ta, "akwai wanda take jira."

Wata Lahadi a farkon bazara muka gano ko wane ne. Donna Stella, gwauruwar nan ta ƙasan gari kusa da gada, ta hawo layinmu da baƙar rigarta ta coci da faranti lulluɓe. Ɗanta Ilario bai daɗe da dawowa daga Jamus ba, inda ya yi shekara shida ko bakwai a kamfanin motoci, ya buɗe shagon gyaran babur a gefen gidansu. Ba wanda ya yi mamakin ba a wurin Saveria aka sayi zuciyar ba, ai ba a sa gidan yarinya su gasa wa kansu. Na bar miyata a wuta na sauko, don makwabciya tana da haƙƙin tsayuwa a bakin ƙofa.

"Donna Saveria, na kawo miki abin zaƙi," in ji Donna Stella.

"Ajiye a nan, Donna Stella. Mu ga irin zaƙin."

Ta ɗaga ƙyallen. Zuciya ce babba, ta yi duhu kamar tsohon katako, ƙyallinta ya koɗe. Kurciya biyu a sama, a ƙarƙashinsu akuya, ƙahonta ɗaya babu. Palma tana tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki. Ta kalli farantin sau ɗaya, ta toshe baki da hannu, ta koma ciki da sauri. Saveria ta ga wannan, ni ma na gani. Sannan ta juya bayan zuciyar, ta daɗe tana kallo, ta mayar, ta lulluɓe. Ta ba baƙuwa kofi, suka yi zancen ruwan sama da tsadar gawayi, kowacce bakinta a tsuke.

Donna Stella na karya kwanar layi, Saveria ta damƙo hannuna ta ja ni gaban farantin.

"Dubi nan. Yatsan wa ne wannan?"

"Naki ne mana."

"To yaushe na gasa wa ɗan Stella zuciya?"

Na sake duban yatsan. Ita kuwa ta san amsar, don ba ta manta abin da ya fito daga tanderunta. Ta ce Gregorio mai alfadari ne ya saya, wan Donna Stella, wanda ke zaune a ƙauyen kan dutse. Shekarun baya ya zo ya zauna a bencinta, ya ce matarsa ba lafiya shi ya sa ya zo da kansa, ɗansa Nazareno ne ke neman 'yar wani masunci a bakin teku. Shi ya nace sai an sa akuya.

"Har na ce masa, Mastro Gregorio, ƙaho tun kafin a ɗaura? Ka bari matar ta shiga gidan tukuna ta dasa masa da kanta, tunda namu ƙahon na mijin da aka ci amanarsa ne. Ya yi dariya ya ce haka yaron ke so. Da ƙaho biyu na yi ta, Fiorina. Kin ga ɗayan? Yawo ya karye shi. Ta je teku an koro ta, ta koma kan dutse, yanzu an kaɗe mata ƙura an kawo mini. Ragowar wata suka kawo wa 'yata!"

Na ce ta je ta tambayi Donna Stella kai tsaye, tunda Gregorio ya rasu bara. Ta harare ni. Wai wanda ya yi maka ƙarya ɗaya ba ka zuwa gidansa neman ta biyu. Na ce to ta tambayi Palma. Nan ma na san banza na faɗa. A satin nan yarinya ba ta cewa uffan kan maganar, wadda ta buɗe baki kuwa sai a ce dama sun daɗe suna haɗuwa a bayan coci.

Sati ɗaya gare ta. Ranar Lahadi ko ta fasa zuciyar a ƙofarta, ko ta mayar. Zuciyar da ta koma ta tsallake dokin ƙofar masu ita ba ta sake fitowa, zance ya mutu ke nan har abada, ko yarinya za ta shiɗe don kuka.

Washegari ta rufe tanderu, abin da ba ta yi ba ko ranar jana'izar ƙanenta, ta ce in ɗauko mayafina. Muka hau ƙauyen kan dutse a ƙafa, ni da gwiwar nan tawa, ita tana gaba kamar an biyo ta. Muka tarar da Nazareno yana faskare a ƙofar gida, ya yi ƙiba, matarsa na tsinke wake a gefe.

"Kai Nazareno, 'yar masuncin da ta mayar maka da zuciya, ya sunanta?"

"Wace 'yar masunci, Goggo? Wace zuciya?"

"Mai akuya. Wadda ubanka ya saya maka."

"Na rantse da kabarin babana ban taɓa..."

Bai ƙarasa ba matarsa ta miƙe, wake ya watse. "Au! Ashe akwai wata a teku? Shi ya sa kullum bakinka kifi, kifi! Ni da aka kawo wa 'yar mitsitsiyar zuciya daga kasuwa, ashe an yi wa wata mai akuya!" Ludayi ya wuce ta gefen kunnena. Muka sauko muna jin su har gindin dutse, kuma na tabbata gidan bai ga zaman lafiya ba sai bayan girbi.

Na ɗauka hankalin Saveria zai kwanta. Ina! Ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure tana haki, ta ce, "Yaron nan wawa ne, wawa kuma bai iya ƙarya haka ba. Ba tasa ba ce. To ta wa ce? Ta Ilario ce tun farko, aka ɓoye shi a bayan ɗan kawunsa. Me ya sa za a ɓoye shi in ba akwai wata ba?"

Ranar Laraba muka shiga bas zuwa bakin teku. Matan masunta suna zaune suna ɗinke koma, kuma ba ka tambayar matan masunta zancen aure ka dawo hannu wofi. Ɗaya ta ce lallai an taɓa mayar da faranti a gidan wane, wata ta ce ƙarya ne, a gidan wane ne, kuma ba zuciya ba ce, kifi ne. Wata tsohuwa mai ido ɗaya ta ce duk samarin da suka je Jamus sun bar mata a can, masu jan gashi, wasu har da goyo, ita jikanta ya faɗa mata. Ba wadda ta san sunan Ilario. Saveria ta ce wannan ma shaida ce, mutumin da ba a san sunansa ba ya iya ɓoye sawu.

Gaskiya zuwa lokacin ni ma zargin ya kama ni. Me ya sa saurayi mai shago, mai abin hannunsa, zai aiko tsohuwar zuciya mai karyayyen ƙaho, alhali in ya tsallaka dutse zai samu sabuwa? Me ya sa Donna Stella ba ta ce komai ba da ta ga an juya bayanta? Da yamma Ilario ya wuce ta bakin layinmu a kan babur, ya ɗaga hula ya gaishe mu daga nesa, don a satin nan ba a yarda ya matso ba. Saveria ta ce, "Kin ga yadda ya ɗaga ta? Da hagu. Yana ɓoye hannun zobe." Na ce ai hannun dama ne ke riƙe da babur. Ta ce haka yake so in ce.

Palma kuwa ta daina cin abinci. Ina jin kekenta ta baranda, ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya. Tausayinta ya ishe ni, don na ga yarinyar tana son mutumin nan so na gaske, irin wanda ba ya ɓoyuwa ko an rufe baki. Ranar Asabar da rana ina gidansu ina taya Saveria tankaɗe, sai ta fito ta tsaya gaban farantin.

"Goggo, don Allah ki dube ta da kyau."

"Na duba. Na duba har na ga abin da ke ba ki gani ba."

"Goggo, akuyar..."

"Rufe mini baki! Satin nan ba naki ba ne. So kike layi ya ce na raini marar kunya? Ni an taɓa cin tawa, na san ɗanɗanon abin. Ba za a ci taki a kan ƙarya ba ina da rai."

Palma ta koma ciki. Keken bai sake motsi ba ranar.

Lahadi bayan coci mutanen layi suka taru kusa da ƙofarta suna jira, wasu har da jarkar ruwan inabi. Saveria ta fito da farantin a hannu. Ba ta lulluɓe shi ba, kuma ba ta aiki kowa ba yadda aka saba don a rage wa masu shi kunya. Da kanta ta kama hanyar gangara, zuciyar a buɗe kowa na gani. Na ɗaga kai na ga Palma a baranda ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, fuskarta ba jini. Na bi Saveria ina ɗingishi, rabin gari na biye da ni.

Donna Stella tana tsaye a cikin ƙofarta. Ta ga abin da ke tahowa, ta ɗaga haɓa, ta ja da baya ta ba da hanya.

"Shigo da ita, Donna Saveria, tunda haka kika ga dama. Mu ba ma roƙo."

Ƙafar Saveria ta riga ta tashi sai Ilario ya fito daga ciki da kwat ɗinsa na Lahadi, wanda ya sa yana jiran a kira shi wurin fasawa. Ya tsaya a kan dokin ƙofar, ya dafa gefe da gefe.

"Goggo Saveria, ki taka ni in kina so, amma ki faɗa mini laifina tukuna."

"Ni ba goggonka ba ce. Wa aka fara kai wa wannan?"

"Ba a kai wa kowa ba."

"To ni na gasa ta, kuma ba jiya ba. Me ya sa ka aiko kawunka da ƙarya?"

"Don da Inna ce ta zo, za ki tambaye ta ko zan yi tafiya. Kuma a lokacin tikitina yana aljihu."

Mutane suka yi gunaguni. Saveria ta juyo ta kalle ni, kallon kin ji ko. "Ya amsa da bakinsa. To 'yar gidan wa ka so ka ɗaure ka gudu? Har aka yi ta jifa da ita ƙaho ya karye?"

"Bai karye ba. Ni na yanke shi da wuƙa, ranar da Kawu ya kawo ta, tana da ɗumi. Ke kika yi mata biyu, ita kuwa ɗaya gare ta."

"Ita wa?"

"Baronessa."

Na ji wata mata a bayana ta ce, "Wayyo Madonna!" Ni kaina nan take na tuna. Baronessa akuyar Palma ce, fara, mai ƙaho ɗaya tun haihuwa, wadda ke bin ta zuwa famfon dandali kamar kare a lokacin da take budurwa sabuwar tashi. Shaiɗaniyar akuya, ta ci mini rigar barci a kan igiya, ta ci wa Saveria buhun fulawa, har aka gaji aka sayar da ita. Ranar da Saveria ke murza akuyar Gregorio a kan tebur, wataƙila ita Baronessa ɗin tana bakin ƙofa tana tauna mata tsintsiya.

Saveria ba ta yarda da baki ba, ba ta taɓa yarda ba. Ta juya farantin wajen rana, ta sa babban yatsa a gurbin ƙahon, ta shafa, ta sake shafawa. Sumul yake, launinsa ɗaya da sauran. Alkakin nan in ya kwana biyu ba ya yankuwa, sai dai ya tarwatse, kuma ita ta fi kowa sani. Amma bakin bai mutu ba.

"To in tata ce, me ya hana a kawo a lokacin? Ka yi ƙarya ka samu abin da kake so, sai kuma me?"

Donna Stella ce ta amsa daga bayan ɗanta, muryarta a bushe. "Ni na ƙi ɗauka. Ya shirya faranti, ya yi kuka, ya yi rantsuwa shekara ɗaya zai yi. Na ce masa na taɓa jin wannan. A layinku na girma, Saveria, kin manta? Na ci taki ranar da babanki ya fasa, har yau tana nan a maƙogwarona. Na ce ba zan sa layi ya ci ta 'yar mutane ba sannan ka hau jirgi. In ka dawo ka zauna, in ta jira ka don kanta, ni zan ɗauka. In ta samu wani, ba wanda ya ɗaure ta."

"A akwatina ta je Jamus, a akwatina ta dawo," in ji Ilario. "Da na so sayen sabuwa. Na ga wannan ce kaɗai za ta gane."

Kaji suna ta kuka a bayan gida. Saveria ta daɗe tana kallon Donna Stella. Sannan ta ce, "Ina akwatin?"

"Yana bayan gida. Kaji ke ƙwai a ciki."

Ta dangwara mini farantin a hannu. "Riƙe nan. In kika bari ko gefensa ya tsallaka ƙofar nan, sai na kashe ki." Ta ture Ilario ta shige. Na tsaya a titi da faranti mai nauyin tsiya, gari na kallona. Can ta fito da gashin kaza a hannun rigarta da ƙwai ɗaya mai ɗumi, ta miƙa wa Donna Stella ƙwan, ta karɓi farantinta ta juya. Akwatin da kaji suka mayar gidansu ba na mai shirin tafiya ba ne.

Ba a taɓa ganin faranti ya hau layin nan sau biyu ba. Ta hau da shi ita kaɗai a gaba, mu duka a baya, har da Donna Stella da ɗanta. Palma ta hango mu daga baranda, ta zame ta zauna a ƙasa, sai da na hau na sauko da ita.

Fasawa ta zama aiki. Saveria ta gwada da hannu, ko gezau. Aka kawo wuƙar mahauci, ta lanƙwashe. Aka buga a kan dutsen ƙofa, dutsen ne ya ɓantare. Sai da Ilario ya ruga shago ya ɗauko guduma, ta karɓa ta ɗaga da hannu biyu, zuciyar ta tarwatse har cikin kwata. Yara suka bi suna tsinta, manya suna tsomawa a ruwan inabi, tsofaffi suna tsotsa suna zagin wanda ya gasa, ita kuwa tana jin su.

Tun ta Cosimo ba a taɓa ganin Saveria ta kai zuciya bakinta ba, duk yawan waɗanda ta gasa. Kowa ya san haka, ba a ma miƙa mata. Palma ce ta tsinto gutsuren da ke da kan akuyar, ta zo ta tsaya gabanta, ta miƙa da hannu biyu. Na ce mata a hankali ta tsoma a ruwan inabi tukuna. Ba ta ji ni ba, ko kuma ta ji. Ta sa a baki ta gartsa, muka ji ƙas. Ta tofa haƙorin a tafin hannu, da jini, ta tsaya tana kallonsa.

Na ɗauka za ta ce wani ne ya sa tsakuwa a fulawar. Sai ta juyo gare ni, idonta jawur, ta ce, "Fiorina, tawa ba ta yi tauri haka ba. Da ɗuminta kuka cinye ta."

Ta sa haƙorin a aljihun rigarta, ta mayar da gutsuren ɗaya gefen, ta ci gaba da tauna har sai da ta haɗiye.